Asalin Ilimin Zamantakewa da Ra'o'in Magabatansa

Gabatarwa

Ɗalibin kimiyya ya san dalilin da ya sa dutse yake faɗowa ƙasa idan an jefa shi sama, ya kuma san abin da ke sa ruwa ya tafasa. To, amma akwai wasu tambayoyi da ba a samun amsarsu a ɗakin gwaje-gwaje. Me ke sa dubban mutanen da ba su san juna ba su zauna a gari ɗaya, suna ciniki da juna, suna bin doka ɗaya? Me ke sa wata daula ta yi ƙarfi, sa'an nan ta rushe? Me ya sa dukiya take taruwa a hannun wasu, alhali wasu suna aiki dare da rana ba su tara komai ba? Fannin ilimin da ke ƙoƙarin amsa irin waɗannan tambayoyi ta hanyar lura da tattara hujja shi ake kira ilimin zamantakewa, ko soshiyoloji.

Wannan darasi zai yi bayani a kan yadda fannin ya samo asali, da kuma ra'o'in da magabatansa suka kafa tsakanin wajen 1830 zuwa 1920. Abin da ake nufi da ra'i shi ne tsararren bayani wanda ke haɗa abubuwan da aka lura da su, ya nuna dalilin aukuwarsu, kuma ana iya gwada shi da hujja a ga ko ya tsaya ko ya faɗi. Sanin waɗannan ra'o'i yana da muhimmanci, domin da su ne ake fassara matsaloli irin su rashin aikin yi, cunkoson birane da taɓarɓarewar tarbiyya, kuma irin fassarar da aka yi wa cuta ita ke nuna irin maganin da za a nema mata.

Ibn Khaldun da Share Fage

Tun kafin Turawa su raɗa wa wannan fanni suna, an sami masanin da ya share masa fage a Arewacin Afirka. An haifi Abdurrahman Ibn Khaldun a birnin Tunis a 1332, ya yi aiki a fadojin sarakuna daban-daban na Magrib da Andalus, daga baya ya zama alƙalin Malikiyya a Alƙahira, inda ya rasu a 1406. A shekarar 1377, lokacin da ya keɓe kansa a wani sansani a ƙasar da ake kira Aljeriya yanzu, ya rubuta Muƙaddima, wato gabatarwar babban littafinsa na tarihi. A cikin wannan babban littafi ne ake samun labarin sarakunan Mali, har da Mansa Musa.

Ibn Khaldun ya lura cewa marubuta tarihi sukan karɓi labari ba tare da sun auna shi da hankali ba, alal misali su ambaci yawan mayaƙan da ƙasar ba za ta iya ciyarwa ba. Saboda haka ya ce ana bukatar wani sabon ilimi da zai binciki ɗabi'ar zaman jama'a, ya kira shi ilmul umran. Ginshiƙin bayaninsa shi ne asabiyya, wato ƙarfin zumunci da haɗin kan da ke sa jama'a su tsaya wa juna. A ganinsa, mutanen ƙauye da hamada suna da asabiyya mai ƙarfi saboda wahalar rayuwa, don haka sukan ci birane da yaƙi su kafa daula. Da zarar sun zauna cikin daula da jin daɗi, sai zumuncin ya yi rauni, haraji ya yi yawa, a koma dogaro da sojan haya, har wata sabuwar jama'a ta zo ta kawar da su. Ya ƙiyasta cewa daula takan ɗauki kimanin zuriya uku, wato wajen shekara 120. Ba a fassara Muƙaddima gaba ɗaya zuwa Faransanci ba sai a shekarun 1860, saboda haka magabatan fannin a Turai ba su ɗora gininsu kai tsaye a kan nasa ba.

Sauye-sauyen da Suka Girgiza Turai

Abubuwa uku ne suka haɗu suka haifar da ilimin zamantakewa a Turai. Na farko shi ne bunƙasar kimiyya. Bayan da Isaac Newton ya nuna a 1687 cewa doka ɗaya ce ke tafiyar da faɗuwar abu a ƙasa da zagayen duniyoyi a sama, sai masana na ƙarni na 18 suka fara tambayar ko zaman jama'a ma yana da nasa dokoki. Montesquieu, a 1748, ya kwatanta dokokin ƙasashe daban-daban, ya danganta su da yanayin ƙasa, ciniki da al'adun mutane. Adam Smith kuwa, a 1776, ya nuna amfanin rabon aiki da misalin wata ƙaramar masana'antar fil, inda mutum goma, kowa da ɓangaren da yake yi, suke ƙera fil wajen 48,000 a rana, abin da ba za su ko kusanta ba da kowa shi kaɗai yake aiki.

Abu na biyu shi ne juyin juya halin Faransa na 1789. Cikin 'yan shekaru aka soke gatan masu sarauta, aka ƙwace filayen coci, aka kuma kashe Sarki Louis na 16 a watan Janairun 1793. Tsarin da aka ɗauka tamkar dutse ne sai ga shi ya watse, aka shiga zubar da jini da yaƙe-yaƙe har zuwa faɗuwar Napoleon a 1815. Wannan ya sa masu tunani suka fahimci cewa tsarin zama abu ne da ke iya canzawa, kuma aka shiga neman abin da zai riƙe jama'a bayan tsohuwar igiya ta tsinke.

Abu na uku shi ne juyin masana'antu, wanda ya fara a Ingila daga wajen 1760. Injin tururi da injunan kaɗi da saƙa suka kwashe aiki daga gidaje suka kai shi manyan masaƙu, mutanen karkara suka yi ta kwarara zuwa birane neman aikin lada. Birnin Manchesta, wanda mutanensa ba su kai 100,000 ba a 1801, ya haura 300,000 a 1851. Ƙidayar 1851 ta nuna cewa fiye da rabin mutanen Ingila a birane suke zaune. Iyalai suka cunkushe a ɗakuna marasa iska da tsabta, cutar kwalara ta yi ta ɓarkewa, yara ƙanana suna aiki a masaƙu, har sai da dokar 1833 ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 9 ba a mafi yawan masaƙu. Ga dukiya irin wadda ba a taɓa gani ba, ga kuma talauci a gefenta. Wannan yanayi shi ne ɗakin gwajin magabatan ilimin zamantakewa.

Auguste Comte: Wanda Ya Raɗa Suna

An haifi Auguste Comte a garin Montpellier na Faransa a 1798, ya rasu a Paris a 1857. Ya karanci lissafi da kimiyya, sa'an nan ya yi wa Saint-Simon aikin sakatare daga 1817 zuwa 1824. Daga wurin wannan ubangida nasa ne ya ɗauki tunanin cewa masana kimiyya da masu masana'antu su ne za su jagoranci sabon zamani. Tsakanin 1830 da 1842 ya wallafa babban aikinsa na falsafa cikin juzu'i shida. Da farko ya kira sabon fannin da sunan fiziks na zaman jama'a, amma da ya ga wani masanin ƙididdiga na Beljiyam, Adolphe Quetelet, ya yi amfani da wannan suna a 1835, sai ya haɗa kalmar Latin socius, wato abokin zama, da kalmar Girkanci logos, wato nazari, ya sami soshiyoloji. Sunan ya fito a juzu'i na huɗu a 1839.

Comte ya ce tunanin ɗan Adam yakan bi matakai uku: matakin da ake bayanin komai da ikon alloli da aljanu, matakin da ake bayani da wasu ma'anoni na falsafa waɗanda ba a iya gwadawa, da matakin kimiyya inda ake dogara da lura, gwaji da kwatance. Ya jera fannonin ilimi daga lissafi, ilimin taurari, fiziks, kemistiri, bayoloji, har zuwa soshiyoloji, wanda ya ce shi ne na ƙarshe domin abin da yake nazari ya fi kowane sarƙaƙiya. Har ila yau ya raba fannin gida biyu: nazarin abin da ke tabbatar da tsari, kamar iyali, harshe da addini, da nazarin abin da ke kawo canji. Tasirinsa ya kai har Burazil, inda taken da ke kan tutar ƙasar tun 1889, mai nufin tsari da ci gaba, ya samo asali daga koyarwarsa.

Sai dai Comte bai yi binciken fili ba, kuma a ƙarshen rayuwarsa ya ƙirƙiro wani addini na girmama bil'adama wanda ya sa almajiransa da yawa suka guje shi. Hasashensa cewa kimiyya za ta maye gurbin addini bai tabbata ba. Abin da ya rage daga gadonsa shi ne sunan fannin, da kuma da'awar cewa ana iya nazarin al'umma da hanyoyin kimiyya.

Herbert Spencer: Al'umma Tamkar Jiki

A Ingila, Herbert Spencer, wanda ya rayu daga 1820 zuwa 1903, ya kwatanta al'umma da jikin mai rai. Kamar yadda zuciya, huhu da hanji suke da aiki daban-daban amma duk suna raya jiki ɗaya, haka gwamnati, kasuwa da iyali suke a cikin al'umma. Ya ce al'ummomi suna tasowa ne daga sauƙi zuwa sarƙaƙiya, sassansu suna ƙara rarrabuwa. Bayan fitowar littafin Charles Darwin a 1859, Spencer ya ƙirƙiro a 1864 furucin nan da ke nufin cewa wanda ya fi dacewa da yanayi shi ke wanzuwa. Bisa wannan fahimta ya ƙi amincewa da gwamnati ta tallafa wa matalauta ko ta ɗauki nauyin ilimin jama'a. Ko da yake shi kansa ya soki yaƙe-yaƙen mamaya, wasu sun yi amfani da tunanin jera al'ummomi a kan tsani, Turawa a sama, wajen halatta mulkin mallaka. Kimiyyar yau ta yi watsi da wannan jeri, amma kwatancen al'umma da jiki ya ci gaba da tasiri.

Karl Marx: Rikicin Masu Jari da 'Yan Ƙwadago

An haifi Karl Marx a garin Trier na Jamus a 1818. Saboda rubuce-rubucensa na siyasa ya yi gudun hijira daga ƙasa zuwa ƙasa, har ya zauna a Landan daga 1849 zuwa rasuwarsa a 1883. Amininsa Friedrich Engels, wanda iyalinsa ke da hannun jari a wata masaƙa a Manchesta, ya wallafa littafi a 1845 a kan halin da ma'aikatan Ingila suke ciki. Su biyun suka rubuta sanarwar manufofin 'yan kwaminis a 1848. Juzu'in farko na babban littafin Marx a kan jari ya fito a 1867, Engels ya fitar da na biyu da na uku a 1885 da 1894. Marx bai kira kansa masanin soshiyoloji ba, amma babu mai nazarin fannin da zai iya kauce masa.

Tushen ra'insa shi ne cewa kafin mutum ya yi siyasa ko falsafa, sai ya ci, ya sha, ya sami sutura da muhalli. Saboda haka yadda jama'a suke samar da abin masarufi, da kuma wanda ya mallaki gona, inji da jari, su ne harsashin da doka, mulki da tunani suke zaune a kai. A kowane zamani akwai rukunin da ya mallaka da rukunin da yake yi masa aiki: iyayen giji da bayi, masu ƙasa da talakawan da ke noma musu, masu jari da 'yan ƙwadago. Gwagwarmayar da ke tsakaninsu ita ce ke tura tarihi gaba.

Don fahimtar yadda riba take samuwa a ganinsa, a ƙaddara ma'aikacin masaƙa yana aikin sa'a 10 a rana. Cikin sa'a 4 na farko ya saƙa yadin da darajar aikinsa ta kai ladan da za a biya shi. Abin da ya samar a sauran sa'a 6 shi Marx ya kira rarar daraja, kuma aljihun mai jari take shiga. Bugu da ƙari, ma'aikacin da yake maimaita motsi ɗaya duk yini, a kan kayan da ba nasa ba, yakan zama baƙo ga aikin hannunsa. Marx ya yi hasashen cewa 'yan ƙwadago za su kifar da tsarin jari-hujja a ƙasashen da masana'antu suka fi ci gaba. Hakan bai faru ba. An yi juyin ne a Rasha a 1917 da Sin a 1949, ƙasashen da yawancin mutanensu manoma ne, kuma Tarayyar Sobiyet ta wargaje a 1991. Duk da haka, bayaninsa a kan taruwar jari a hannun 'yan ƙalilan da maimaituwar durƙushewar tattalin arziki, kamar ta 1929 da ta 2008, ya sa ana ta komawa gare shi.

Emile Durkheim: Abin da Ke Ɗaure Jama'a

Emile Durkheim, wanda aka haifa a garin Epinal na Faransa a 1858, yana yaro lokacin da Jamusawa suka ci ƙasarsa da yaƙi a 1870 zuwa 1871. Damuwarsa ita ce yadda za a haɗa kan jama'ar da ta rarrabu. Ya fara koyarwa a jami'ar Bordeaux a 1887, ya koma Paris a 1902, ya kuma kafa mujallar nazarin zamantakewa wadda fitowarta ta farko ta bayyana a 1898. Shi ne ya fi kowa ƙoƙarin mai da soshiyoloji fanni mai cin gashin kansa a jami'a.

A littafinsa na 1895 a kan ƙa'idojin bincike, ya ce abin da fannin ke nazari shi ne haƙiƙanin zamantakewa, wato hanyoyin aiki da tunani waɗanda suke wajen mutum ɗaya kuma suke tilasta masa. Harshe misali ne: yaro ya tarar da shi, bai ƙirƙiro shi ba, kuma idan ya karya ƙa'idarsa za a yi masa dariya. Haka kuɗi, gaisuwa da dokar aure. A littafinsa na 1893 a kan rabon aiki, ya bambanta haɗin kai iri biyu. A ƙaramar al'umma inda kusan kowa sana'a ɗaya yake yi, kamanceceniya ce ke ɗaure mutane, kamar yadda ake gani a aikin gayya. A babban birni kuwa bambancin sana'a ne ke ɗaure su, domin tela yana bukatar manomi, manomi yana bukatar direba, direba yana bukatar makanike. Amma idan canji ya yi sauri, tsofaffin ƙa'idoji suka mutu, sababbi ba su kafu ba, sai jama'a ta shiga halin da ya kira anomi, wato rashin ƙa'idar da ke iyakance buri.

Don ya tabbatar da hanyarsa, sai ya zaɓi abin da kowa ke ɗauka lamari ne na mutum shi kaɗai, wato kashe kai. A binciken da ya wallafa a 1897 ya yi amfani da ƙididdigar hukuma ta ƙasashen Turai, ɗan 'yar'uwarsa Marcel Mauss ya taimaka masa wajen tantance bayanan mutum wajen 26,000. Ya gano cewa adadin ya fi yawa a tsakanin 'yan Furotesta a kan 'yan Katolika, ya fi yawa a tsakanin maza marasa aure a kan magidanta, yana raguwa a lokacin yaƙi, yana kuma ƙaruwa lokacin da tattalin arziki ya yi sauyin gaggawa. Ya kammala da cewa idan igiyar da ta ɗaure mutum da jama'arsa ta yi sako-sako, haɗarin yana ƙaruwa, haka kuma idan ta matse fiye da kima. Masana na baya sun nuna cewa ƙididdigar hukuma tana iya ɓoye wasu mace-macen, amma salon binciken ya zama abin koyi. Littafinsa na ƙarshe, na 1912, ya yi nazarin yadda taron ibada da bukukuwa suke sabunta haɗin kan jama'a. Ya rasu a 1917.

Max Weber: Ma'anar Aiki da Mulkin Ofis

Max Weber, Bajamushe, an haife shi a Erfurt a 1864, ya rasu a Munich a 1920. Ya karanci shari'a, tarihi da tattalin arziki. A ganinsa, ƙididdiga kaɗai ba ta isa ba, sai an fahimci ma'anar da mutum ya ba aikinsa. Mutum biyu suna iya saran itace, ɗaya don ya sayar, ɗaya don ya huce haushi. Motsin hannunsu ɗaya ne, amma ayyukan biyu ne.

A rubutunsa na 1904 zuwa 1905 ya tambayi dalilin da ya sa jari-hujja irin ta zamani, mai lissafi da tsari, ta bunƙasa a Yammacin Turai. Ya duba koyarwar John Calvin, malamin Furotesta na birnin Janeba a ƙarni na 16, wanda ya ce an riga an ƙaddara masu tsira da masu halaka. Weber ya ce fargabar rashin sanin makoma ta sa mabiya suka duƙufa ga sana'a, suka guji almubazzaranci, suna ɗaukar nasara a matsayin alamar zaɓi. Wanda yake samu da yawa kuma yake kashe kaɗan, dole ya tara jari. Masu suka sun nuna cewa an yi harkar banki da babban ciniki a biranen Katolika na Italiya tun kafin Calvin. Shi kansa Weber bai ce addini kaɗai ne dalili ba. Nufinsa shi ne ya nuna cewa aƙida ma tana iya juya tattalin arziki.

Weber ya kuma tambayi abin da ke sa mutane su yi biyayya, ya raba halattaccen iko gida uku. Akwai na gargajiya, inda ake bin sarki domin haka aka gada. Akwai na baiwa, inda ake bin jagora saboda wata daraja ta musamman da mabiya suka gani a tare da shi. Akwai kuma na doka, inda ake bin kujera ba mutumin da ke kanta ba. Wannan na uku shi ke haifar da mulkin ofis, mai rubutattun ƙa'idoji, matakan girma, fayil, albashi da ɗaukar ma'aikaci bisa takardar shaida. Weber ya yarda cewa babu tsarin da ya kai wannan iya aiki, amma ya ji tsoron zai zame wa ɗan Adam keji. Game da bambancin matsayi, ya ƙara a kan Marx cewa ban da dukiya akwai martaba da kuma ikon siyasa: malami yana iya zama marar dukiya amma mai daraja. Matarsa Marianne Weber ce ta tattara babban littafinsa a kan tattalin arziki da al'umma, aka buga shi a 1921 zuwa 1922.

Makaranta Ɗaya, Idanu Uku

Hanya mafi sauƙi ta gane bambancin waɗannan malamai uku ita ce a ɗauki abu ɗaya a duba shi da idon kowannensu. A ɗauki makarantar sakandare. Mai bin Durkheim zai lura da taron safe, kayan makaranta iri ɗaya da taken ƙasa, ya ce makaranta tana cusa wa yara ƙa'idojin da ke haɗa al'umma, tana kuma shirya su don sana'o'i daban-daban. Mai bin Marx zai tambayi 'ya'yan wa ke zuwa makarantar da ke da ɗakin gwaji da littattafai, 'ya'yan wa kuma ke zaune a ƙasa, ya ce makaranta tana iya gadar da bambancin dukiya daga uba zuwa ɗa. Mai bin Weber zai duba rajista, jadawali, jarrabawa da takardar shaida, sa'an nan ya tambayi ɗalibi da iyayensa abin da karatun yake nufi a wurinsu. Kowanne ya ga wani abu na gaskiya, kowanne kuma akwai abin da ya tsere wa idonsa. Saboda haka mai bincike yakan zaɓi ra'in da ya dace da tambayarsa, ya kuma bar hujja ta yanke hukunci.

Yaɗuwar Fannin da Giɓin da Aka Bari

Kafin ƙarshen ƙarni na 19 fannin ya shiga jami'o'i. Jami'ar Shikago ta Amurka ta buɗe sashen soshiyoloji a 1892, ta fara buga mujallarsa a 1895. A Jamus, Weber tare da Ferdinand Tonnies da Georg Simmel suna cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masana fannin a 1909.

Akwai kuma waɗanda aka daɗe ba a ba su haƙƙinsu ba. Harriet Martineau, 'yar Ingila, ta zagaya Amurka daga 1834 zuwa 1836, ta rubuta a kan bauta da halin mata, ta wallafa littafi a kan hanyoyin lura da al'adu a 1838, kuma ita ce ta taƙaita aikin Comte ta fassara shi zuwa Ingilishi a 1853. W.E.B. Du Bois, baƙar fatar Amurka, ya bi gida-gida a wata unguwa ta Filadelfiya yana tattara bayani, ya wallafa sakamakon a 1899, inda ya nuna cewa wariyar launin fata a wajen aiki da muhalli ce ke jawo talaucin baƙaƙen fata, ba wata naƙasa ta halitta ba. Ya rasu a Akara, babban birnin Gana, a 1963.

Babban giɓin magabatan shi ne cewa da Turai suka auna duniya. A daidai lokacin da suke rubutu ne aka yi taron Balin na 1884 zuwa 1885 da ya tsara rabon Afirka, amma mulkin mallaka bai sami gurbin da ya kamace shi a ra'o'insu ba, kuma abin da suka sani game da sauran nahiyoyi yawanci daga rahoton matafiya da 'yan mishan ne. Duk da haka an gwada tambayoyinsu a wurare da dama. Alal misali, littafin M.G. Smith na 1960 a kan tsarin mulkin Zazzau daga 1800 zuwa 1950 ya bi diddigin tambayoyi irin na Weber game da iko da sarauta.

Kammalawa

Ilimin zamantakewa ya taso ne daga ƙoƙarin fahimtar al'ummar da ke barin gona tana komawa masana'anta, tana barin ƙauye tana komawa birni. Comte ya ba shi suna, Marx ya jawo hankali ga mallaka da rikici, Durkheim ga haɗin kai da ƙa'ida, Weber ga ma'ana da iko. Wasu daga cikin hasashensu sun faɗi, amma tambayoyinsu suna tasowa a duk inda gari ke faɗaɗa, sana'a ke canzawa, zumunci ke sauya kama. Aikin ɗalibi shi ne ya fahimci kowane ra'i da kyau, sa'an nan ya gwada shi da abin da yake iya gani da ƙirgawa a unguwarsu.

Tambayoyin Bita

1. Mene ne asabiyya, kuma ta yaya Ibn Khaldun ya danganta ta da tashi da faɗuwar dauloli?
2. A kawo abubuwa uku da suka haifar da ilimin zamantakewa a Turai, tare da shekara ɗaya mai muhimmanci ga kowanne.
3. Idan ma'aikaci yana aikin sa'a 8, kuma darajar aikin sa'a 3 ta biya ladansa, sa'a nawa ne suke samar da rarar daraja bisa ra'in Marx?
4. A bambanta haɗin kai iri biyu na Durkheim, da misali daga ƙauye da kuma daga birni.
5. A jera ire-iren iko uku na Weber, a nuna wanda ya dace da dagaci da wanda ya dace da shugaban makaranta.
6. Aikin rukuni: malami ya raba aji gida uku, kowane rukuni ya yi nazarin kasuwar gari da idon Marx, Durkheim ko Weber, sa'an nan su kwatanta sakamakonsu a gaban aji.